Kamfani a Jidda, daji a wata ƙasa: me ake saya da kuɗin kabon?

Ɗan Maiurno: Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ga gara in kawo shi nan ko a samu wanda ya fi ni sani. Kun san aikin lissafi nake yi a wani kamfanin dakon kaya nan Jidda. Cikin takardun biyan kuɗi da suka biyo ta teburina sai na ga wata da ba ta yi kama da sauran ba. Ba mai aka saya ba, ba taya ba, ba kayan gyara ba. An rubuta an sayi tan kaza na kabon daga wani aikin tsare daji a Kudancin Amurka. Na juya takardar gaba da baya ina neman lambar sito ko ranar da kaya za su sauka a tashar jirgin ruwa, babu. Da na tambayi mudirinmu, wato manajan kamfanin, sai ya ce ai ba abin da zai iso. An biya kuɗin ne don kada a sare itatuwa a can, mu kuma a rubuta mana cewa mun goge wani kaso na hayaƙin motocinmu.

A daren ranar na yi waya da yayana a gida, can Sudan. Ya ce tun da gas ya yi wuya itatuwan talha na bakin rafi sun kusa ƙarewa, kowa ya koma gawayi. Shi ne na kasa barci. Ga kamfani yana biyan kuɗi don itacen da bai taɓa gani ba, ga namu yana ƙarewa babu mai tambaya. Don Allah me kamfani ke samu a wannan ciniki?

Kawu Mai Tsire: Wa alaikumus salam. Ɗana, shekarata talatin da wani abu ina gashi a Shari' Mansur, ban taɓa jin an sayi abin da ba a ɗauka ba a ajiye ba. Ko iska ake sayarwa yanzu?

Injiniya na Jubail: Kawu barka da yamma. Kusan iskar ce kuwa, sai dai da lissafi a bayanta. Itace yana girma ne da iskar kabon da yake zuƙa, ita ce kuma iskar da injin mota da masana'anta ke fitarwa, wadda taruwarta a sama ke ƙara wa duniya zafi. Idan itace ya bushe, kusan rabin nauyinsa kabon ne. In aka sare aka ƙone, duk ya koma sama. To takarda ɗaya ta kabon tana nufin tan ɗaya na wannan iska da aka hana fita ko aka janye. Wani zai je wurin da ake cin daji, ya ce ni zan tsare shi, ya kawo masu bincike su auna, a ba shi takardu gwargwadon abin da aka ce ya ceta, ya sayar wa kamfanoni. Tsarin biyan ƙasashe don su bar dazuzzukansu ya samu gindin zama ne a taron sauyin yanayi na Bali a 2007, shi ake kira REDD+, yarjejeniyar Paris ta 2015 ma ta amince da shi.

Dalilin kamfanoni kuwa, tunda a masana'anta nake bari in faɗi abin da nake gani. Babba a ciki shi ne araha. Manyan kamfanoni sun yi alkawari a bainar jama'a cewa nan da shekara kaza hayaƙin da suke fitarwa da wanda suke gogewa za su yi kunnen doki. Saudiyya ta sa wa kanta 2060, kamfaninta na mai, Aramco, ta ce 2050 a ayyukan da take gudanarwa da kanta. Alkawari kuwa kaya ne. Idan za ka rage hayaƙi a cikin masana'antarka, sai ka canza tukunyar wuta, ka canza injina, wani lokaci ka tsayar da aiki na watanni. Akwai ma inda ko ka so ba yadda za ka yi a yau. A siminti, fiye da rabin hayaƙin daga dutsen farar ƙasa yake fita idan aka gasa shi, ba daga man da aka ƙona ba. Jirgin sama mai dogon zango har yanzu ba shi da batirin da zai ɗauke shi. To mai kamfani ya duba nan miliyoyi, ya duba can takarda ta 'yan riyaloli, wanne kake ganin zai fara ɗauka?

Direban Tirela: Nawa ne tan ɗin?

Injiniya na Jubail: Ya danganta da irin aikin. Amma ga misali na nan gida. Asusun zuba jari na gwamnati, PIF, da kamfanin kasuwar hannun jari ta Tadawul sun kafa kamfanin cinikin kabon a 2022, PIF na da kashi 80, Tadawul 20. Gwanjon farko a Riyad aka yi, Oktoba 2022, aka sayar da tan miliyan 1.4. Na biyu a Nairobi, Yuni 2023, sama da tan miliyan 2.2, kowane tan riyal 23.5. Aramco da kamfanin wutar lantarki na ƙasa suna cikin manyan masu saye. Ba duka na daji ba ne, akwai na murhu mai tsimin itace da na lantarki mai tsabta. A wannan shekarar dai, a Turai, inda doka ke tilasta wa masana'antu sayen izinin hayaƙi, tan ɗaya ya taɓa haura yuro 100. Ka ga tazarar.

Ɗan Maiurno: Yaya Injiniya, na gane araha. Amma mu ba wata doka da ta tilasta mana. Ko riyal ɗaya ne, me zai sa ɗan kasuwa ya fitar?

Injiniya na Jubail: Duba takardun kwangilarku. Ina kyautata zaton a cikin masu ba ku dako akwai kamfanin Turai ko wani babba da ke tambayarku hayaƙin kowace tafiya, don shi ma sai ya zuba shi a nasa rahoton. Bankuna da masu zuba jari ma suna tambaya yanzu. Wanda ya nuna takarda shi ake ba kwangila. Sai kuma talla, a manna ganye a jikin kwali a ce kayanmu ba sa cutar da yanayi. Wasu kuma doka ce ta kama su. Jiragen sama na ƙasa da ƙasa suna ƙarƙashin wani tsari na hukumar sufurin sama ta duniya mai suna CORSIA, wanda aka amince da shi a 2016, daga 2027 kuma zai zama dole a kan akasarin manyan ƙasashe: abin da ya haura ma'aunin da aka yanka sai a saya masa takarda. A Afirka ta Kudu da Kolombiya da Singafo akwai harajin kabon, kuma an yarda kamfani ya biya wani sashe da irin waɗannan takardu. Akwai kuma masu saye su ajiye, suna jiran ranar da za ta yi tsada.

'Yar Damazin: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan fannina ne, gandun daji na karanta a Jami'ar Khartum da ke Shambat kafin yaƙin Sudan ya kawo mu Riyad. Duk abin da Yaya Injiniya ya faɗa haka yake. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan "abin da aka ceta". Ta yaya ake sanin abin da aka ceta? Sai an yi hasashen abin da zai faru da ba a zo ba. Mai aikin zai ce, da ba don ni ba, da a shekara goma an cinye rabin dajin nan. Idan bayan shekara goma kashi ɗaya cikin goma kawai aka ci, sai ya ce bambancin duk ni na ceta, a ba ni takarda. To wa ya ga ranar da ba ta zo ba? Kuma duk yadda ya kambama barazanar, haka takardunsa ke yawa. Mai binciken da zai tabbatar, shi mai aikin ne ke biyansa. Mai rajistar, wato wanda ke fitar da takardun yana ajiye lissafinsu, yana karɓar lada a kan kowace takarda da ta fita. Mai saye kuma araha yake nema. A duk layin nan babu wanda zai yi asara idan lissafin ya kumbura, sai sararin sama.

Ba zato nake yi ba. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus da wata ƙungiyar 'yan jarida masu bincike, SourceMaterial, sun wallafa cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun dazuzzukan da suka duba a rajistar Verra, wadda ta fi kowace girma a duniya, da alama ba su rage komai ba. Verra ta musanta, ta ce hanyar lissafinsu ce ba daidai ba, amma shugabanta ya sauka a wannan shekarar, daga baya kuma ta sake tsarin awonta. A watan Agusta mujallar Science ta fitar da nazarin ayyuka 26, inda aka samu kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai na takardun ke da ragin gaske a bayansu. Ku nemi labarin Kariba a Zimbabwe, daji mai faɗin hekta kusan 785,000. Manyan kamfanoni irin su Volkswagen da Gucci da Nestlé sun sayi takardunsa, sai ga shi saran dajin da aka yi hasashe ya zarce na gaske nesa ba kusa ba. Dillalin aikin, South Pole, ya janye hannunsa a Oktoba 2023.

Direban Tirela: To ai damfara ce kawai. A kira ta da sunanta.

Injiniya na Jubail: A'a Malam Direba, ban yarda a yi musu kuɗin goro ba. Ƙanwata ta faɗi gaskiya, kasuwar ma ta ji a jikinta, daga kusan dala biliyan 2 a 2021 ta faɗo ƙasa da miliyan 750 a 2023. Kotu a Amsterdam ta yanke a Maris 2024 cewa tallan kamfanin jirgin KLM ya ruɗi jama'a, Tarayyar Turai kuma ta yi dokar hana kamfani cewa kayansa ba su da hayaƙi don kawai ya sayi takarda. Amma tambayata ita ce, in an rufe wannan ƙofa, wa zai biya? Daji a tsaye ba ya kawo wa gwamnati ko sisi. A kwance kuwa katako ne, gawayi ne, gona ce. Dubi Guyana. A Disamba 2022 kamfanin mai na Hess ya ƙulla da ita zai sayi takardu miliyan 37.5 a kan aƙalla dala miliyan 750, kuma gwamnati ta ware kashi 15 cikin 100 ga ƙauyukan 'yan asalin dajin, su da kansu suke zaɓar abin da za su yi da shi. Ni a ganina da babu gara ba daɗi.

'Yar Damazin: Yaya, Hess ɗin nan fa, lokacin da ya ƙulla wannan ciniki, yana cikin masu haƙar mai a tekun Guyana ɗin. Kuma dajin Guyana dama ba a cika sararsa ba. Shi ya sa wasu masana ke tambaya, an biya ladan kiyayewa, wannan ya yi kyau, amma hayaƙin da aka ce an goge da takardun, an goge shi kuwa? Man da aka haƙo ya shekara miliyoyi a binne. Itacen da aka jingina da shi gobarar rani ɗaya ta ishe shi.

Kawu Mai Tsire: 'Yata, tsaya in tambaye ki, don maganar ta fara zuwa inda nake ganewa. Nan ƙasar an hana sare itacen gida. Wanda aka kama da itacen samur ko itacen gada a bayan mota tara ce mai zafi, har jami'an tsaron muhalli aka kafa don haka. Kuma na ga amfanin hanin, wuraren da na sani fayau a hanyar Ɗa'if yanzu sun fara kore. Amma ni ban daina gashi ba, masu mandi ba su daina ba, masu shisha ba su daina ba. Gawayin da nake saye, in na kwance bakin buhu na ɗauki guda na buga da ɗan'uwansa, ƙara yake kamar ƙarfe, ba ya tartsatsi, ba ya wari, ya kai ni tun la'asar har bayan isha. Kowa a kasuwa ya san sunansa, faham Sudani, wato gawayin Sudan, na talha. Shi nake nema don shi ne mai kyau. Yau da ɗana ya ce talhar bakin rafinsu ta ƙare, sai da gabana ya faɗi. Ashe itacen nan ya huta ne don na can yana mutuwa?

'Yar Damazin: Kawu, wallahi abin da muka yi zango guda muna karantawa ka faɗe shi a saƙo ɗaya. Gatari ba ya mutuwa, ƙaura yake yi. Ka tsare wannan daji, mai bukata ya zagaya na gaba. Idan mai aikin kabon ya auna nasa shingen kaɗai, zai ce ya ceci duniya, alhali saran ya koma bayan dutse ne. Shi ya sa yanzu ake matsawa a riƙa lissafin ƙasa ko jiha sukutum maimakon ɗan yanki. Ko hakan ma bai kama wanda ya tsallaka teku ba.

Amma kada ka ɗora wa kanka duka, Kawu. Tun kafin yaƙi manyan gonakin tarakta na Gadarif da Damazin sun fi masu gawayi cin daji. Doka ta ce mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa, mai noman ban-ruwa kashi 5. Ku da kuka bi hanyar Gadarif, sau nawa kuka ga wannan kason a tsaye?

Hajiya Babba: 'Yan nan, ina jinku. Ni dai ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta mini. A bar ganin laifin matan gida. Tun da aka fara yaƙin nan a watan azumi na 2023, matatar mai ta Jaili ta tsaya, tukunyar gas ta zama kayan ado a ɗaki. Ƙanwata tana da marayu biyar a gabanta, ga waɗanda suka gudo daga Khartum sun sauka a gidanta. Da me za ta tuƙa asida? Da me za ta yi kisra? Mai shayi a bakin titi da mai agashe da me za su ci abinci? Kuma ko lafiya lau ake, wace amarya ce za a kai ba a yi mata dukhan, turaren jiki da hayaƙin talha, ba? Ba ƙin itace muke ba. Mu muka fi kowa sanin darajarsa, don mu ke tafiyar nemansa. In masu kuɗin nan da gaske suke, su kawo abin girki, su gani ko wata za ta ɗauki gatari da rana tsaka.

Injiniya na Jubail: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Akwai masu yin hakan, suna raba murhu mai tsimin itace su sayar da takardar abin da aka rage. Sai dai su ma an kama da yawa suna lissafa murhun da aka raba, ba wanda ake girki da shi ba.

Hajiya Babba: To su tambayi mai girkin mana. In tukunyar gidan ba ta zauna a kai ba ai ajiye shi za ta yi.

Ɗan Maiurno: Allah ya gafarta Malam, muna ganinka a kan layi. Ta fuskar shari'a fa? Ni hannuna ne ke shigar da takardar nan a littafi.

Malam na Madina: Amin, Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Ni ɗalibi ne, ba zan yanke hukunci a kan sabon abu irin wannan a cikin zaure ba, amma zan faɗi abin da ya bayyana gare ni. Keɓe wuri a hana taɓa shi don maslahar jama'a ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa hima. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u kusa da nan Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Mu da ke zaune a Harami mun san ba a sare itacensa. Biyan mutum lada don ya yi gadin daji kuwa ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a biya shi, ba ta da wata matsala.

Inda nake jin tsoro wuri biyu ne. Ciniki yana bukatar abin sayarwa ya zama sananne, a iya miƙa shi. Idan abin da 'yarmu ta bayyana haka yake, cewa adadin ya rataya ne a kan hasashen da mai sayarwa ya yi wa kansa, to garari, wato rashin tabbas a ciniki, ya shigo, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon ɓacin cinikin. Na biyun ya fi damuna. Lokacin da Sayyidina Umar ya naɗa mai kula da hima, umarnin da ya ba shi shi ne ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare dabbobin attajirai, domin attajiri in dabbarsa ta halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa. Himar da za ta kori talaka daga dajin kakanninsa don attajirin wata ƙasa ya ci gaba da hayaƙinsa, an kifar da ita ke nan. Kai kuma ɗana, rubuta abin da aka saya a yadda aka saye shi ba laifi ba ne. Abin da za ka kiyaye shi ne a sa ka rubuta abin da ka san ƙarya ne.

'Yar Damazin: Malam, tsoronka na biyu ba nesa yake ba. A 2023 wani kamfani na Dubai mai suna Blue Carbon ya sa hannu a takardun fahimtar juna da ƙasashen Afirka da dama. A Laberiya maganar hekta kusan miliyan ɗaya ake, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasar. A Zimbabwe hekta miliyan 7.5, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mutanen da ke zaune a wuraren da yawansu a bakin 'yan jarida suka fara ji. Abin da ya sa hankalina ke tashi shi ne yadda mallakar fili take a wurinmu a Sudan. Dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma akasarin gonakin iyayenmu ba su da takarda, shaidarsu ita ce shehun gari da maƙwabta. Ranar da yaƙi ya lafa, gwamnati na neman kuɗi ido rufe, wani ya zo da jaka ya ce a ba shi daji shekara talatin, wa zai tsaya wa mai jinena, wato gonar itatuwan ƙaro?

Ɗan Maiurno: Kin taɓo inda ke mini ciwo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da jinenar hashab, wadda mutanen Najeriya ke kira dakwara. Ina yaro nakan bi shi bayan damina, lokacin da ganye ya fara zuba. Zai sa sonki, ƙarfen tsagar ƙaro, ya ɗan tsaga ɓawon reshe ya ja shi siriri, ba ya zurfafawa, ya ce in ka ji wa itace ciwo da yawa bana ka ci, baɗi ka yi kuka. Sai mu bar shi wajen kwana arba'in. Ranar da muka koma, ga ƙaro ya taru dunƙule-dunƙule kamar ƙwan kurciya, rana na ratsa shi ja-ja. Daga nan duk bayan mako biyu muna tsinka har zafi ya yi tsanani. A ƙarƙashin itatuwan yana shuka dawa da riɗi, awaki na cin 'ya'yan. Ba wanda ya taɓa biyansa don ya bar itacen nan. Ƙaron ne ke biyansa. Shekarar da ya sare rabin jinenar kuwa ina tunawa da ita sarai. Ya ci bashin shel, wanda ake biya da amfanin gona, wurin wani ɗan kasuwa tun da damina, farashin ƙaro ya faɗi, ɗan kasuwan ya ƙi ɗaga masa ƙafa. Ya tara itacen ya yi kamina, wato ya rufe shi da ƙasa ya sa wuta don ya zama gawayi, ya kwana uku yana gadin hayaƙi, bai ce wa kowa uffan ba.

Sudan ce ke fitar da mafi yawan ƙaron duniya, har Amurka da ta ƙaƙaba takunkumi a 1997 sai da ta cire ƙaro a ciki, don kamfanonin lemo da magunguna ba sa iya yi sai da shi. Ni da kamfanonin nan za su biya mai tsagar ƙaro farashin kirki, da sun tsare itace fiye da yadda takarda za ta tsare.

Injiniya na Jubail: Allah ya jiƙan Baba. Bari in yi lissafin a gabanku don a ga ƙarfin kuɗin. Ɗauki itacen da busasshen nauyinsa ya kai tan ɗaya. Rabi kabon ne, kilo 500. Idan ya ƙone, kowane kilo na kabon yana zama kilo 3.67 na iskar, wato tan 1.8 da 'yan kai. A farashin Nairobi, riyal 43 ke nan, sau ɗaya, kafin dillali da mai bincike da mai rajista da gwamnati su cire nasu. Wannan itacen dai in aka yi kamina da shi zai ba da buhunan gawayi.

Kawu Mai Tsire: Riyal 43 ba ya saya mini babban buhu ɗaya na mai kyau.

Injiniya na Jubail: Shi ya sa nake cewa matsalar ba sayen ba ce, arahar ce. Takardar da ta yi arahar da kamfani ke so ba za ta iya sauke gatari daga kafaɗar mai bashi ba. Wadda za ta iya kuwa tsada gare ta, kuma in ta yi tsada sai kamfani ya ga gara ya gyara injinsa. Ni ko wanne aka yi a cikin biyun na yi murna. A gwanjon da kamfanin Saudiyya ya yi lokacin taron sauyin yanayi na Baku a Nuwamba 2024 tan ya kai riyal 37.5, ya ɗan motsa.

'Yar Damazin: A nan mun haɗu, Yaya. Saura ka yarda cewa kamfani ya fara rage nasa tukuna, takarda ta zama ta ragowar da ya gagara.

Injiniya na Jubail: Na yarda a baki. A ofis kuwa sai an yi da gaske, don mai yanke hukunci ribar wata uku ake tambayarsa.

Direban Tirela: Mu dai motocin da muke ja wasu sun shekara goma sha biyar, hayaƙi baƙi ƙirin. Kuɗin takardar da an sa a gyaran inji da mun gani da idonmu.

'Yar Damazin: Yaya Ɗan Maiurno, in za ka iya, gobe ka duba abu huɗu a takardar: sunan aikin da lambarsa a rajista, shekarar da aka ce an yi ragin, ko an soke takardun da sunan kamfaninku bayan saye don kada a sake sayar da su, da kuma kason mutanen wurin. Rajistar Verra a buɗe take a intanet, kowa na iya shiga.

Ɗan Maiurno: Salamu alaikum, na dawo da bayani, a yi haƙuri kwana biyu aiki ya riƙe ni. Lamba tana nan, na shiga rajista na ga aikin, kuma an soke takardun da sunanmu, wannan kam an yi. Shekarar ragin tsohuwa ce, ta kai shekara takwas, ina jin shi ya sa suka yi araha. Kason mutanen wurin ban gan shi a takardarmu ba, na buɗe bayanin aikin mai shafi sama da ɗari, na ga an ambaci makaranta da rijiyoyi amma ban ga adadi ba. Na rubuta wa mudir tambayar, na haɗa da maganar Malam Direba ta gyaran inji. Ya ce zai tura wa dillalin.

Na kuma sake kiran yayana. Ya ce sauran hashab ɗin Baba ba su taɓa ba, tsaga ta kusa, suna jiran ganye ya zuba.

'Yar Damazin: Alhamdulillahi. Ka ce masa ya ƙirga mini itatuwan da ke faddan ɗaya, wato wajen eka ɗaya, ya sa igiya ya auna kaurin guda goma daidai ƙirjinsa, ya turo da hoto in network ya samu. Ina so in ga nawa jinenar ke riƙe da shi, in kwatanta da abin da ƙaron bana zai kawo.

Kawu Mai Tsire: In kin gama ki turo nan, 'yata. Ni ma ranar Asabar mai kawo mini gawayi zai zo, zan tambaye shi daga wane gari ake ɗauko shi.